Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Ofcom: Kun Tsare Bakin Ƙofa, Wa Ke Duba Cikin Ɗaki?

Zuwa ga Shugabar Hukumar Ofcom mai kula da harkokin sadarwa a Birtaniya, Dame Melanie Dawes, da ma'aikatan da ke aiki tare da ita.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni uba ne mai 'ya'ya uku, ina zaune a Manchester shekara goma sha huɗu ke nan. A Zariya aka haife ni, a can na tashi. Na rubuta wannan wasiƙa da Hausa saboda da Hausa muke tattauna maganar, mu iyayen da ke renon yara a ƙasar nan, in mun haɗu a harabar masallaci bayan Juma'a ko a wurin suna. Maganar ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, na ga ya kamata wani ya ɗauko ta ya kawo ta ƙofar waɗanda abin ke hannunsu.

Ni ba maƙiyin wasan bidiyo ba ne, gara in faɗi wannan tun farko. Da shi na girma. A unguwarmu akwai wani gidan gem, ɗaki ɗaya ne da talabijin uku da benci, janareto na ƙugi a bayansa. Mukan tara 'yan canjinmu mu je mu buga ƙwallo, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna. A can na fara ɗaure Turanci, don sai ka karanta abin da ke kan allo kafin ka san inda za ka danna. Yau ɗana mai shekara goma sha uku yana gina gidaje da gadoji a Minecraft tare da ɗan ƙanwata da ke Kaduna, suna hira suna dariya kamar a tsakar gida ɗaya suke. Ba don wasan ba, da ba su san juna ba sai a hoton sallah. Shi ya sa in na ji dattawanmu suna cewa gem ɓata tarbiyya ne kawai, nakan yi musu musu cikin ladabi.

Amma akwai abin da na tuna game da wancan gidan gem wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mai shagon bai taɓa tambayar kowa takardar haihuwa ba. Abin da yake yi shi ne zama a cikin ɗakin. Ya san uban kowane yaro. In wani ƙato da ba a san shi ba ya shigo ya fara jan yaro da hira yana biya masa kuɗin wasa, mai shagon zai tashi ya tambaye shi daga ina, wurin wa ya zo. In aka fara caca a kan wasa, zai kashe talabijin. In aka kira magariba, kowa waje. Tsaron yaran yana cikin ɗakin ne, a idon mutumin da ke da alhakin wurin.

Dokar Tsaron Intanet da aka sa wa hannu a Oktoban 2023, wadda aka ɗora wa hukumarku aiwatar da ita, na yarda da dalilin yin ta ɗari bisa ɗari. Duk uban da ya bi labarin Molly Russell, yarinya mai shekara 14 da ta rasu a 2017 bayan shafukan sada zumunta sun yi ta tura mata hotuna da rubuce-rubucen cutar da kai, ba zai ce a bar kamfanoni su ci gaba da cin karensu babu babbaka ba. Mai binciken musabbabin mutuwa ya faɗa a 2022 cewa abin da ta riƙa gani ya taimaka wajen ajalinta. Haka labarin Breck Bednar, shi ma ɗan shekara 14 daga Surrey, wanda wani saurayi mai shekara 18 da suka haɗu a rukunin 'yan wasan intanet ya yaudare shi har ya kashe shi a Fabrairun 2014. Mahaifiyarsa ta ga alamun, ta kira 'yan sanda watanni biyu kafin abin ya faru, ba a ɗauki mataki ba. Ina tuna wannan uwa duk lokacin da na ji muryar da ban sani ba tana fitowa daga ɗakin ɗana. Don haka da Peter Kyle, sakataren fasaha na wancan lokaci, ya ce masu son a soke dokar suna gefen masu lalata yara ne, maganar ta yi mini zafi. Mutane sama da dubu ɗari huɗu suka sa hannu a takardar koke ga majalisa ta neman a soke dokar cikin 'yan kwanaki. Ni ban sa hannu ba, don ban son a soke ta. Amma na san wasu da suka sa, iyaye ne irina, damuwarsu irin tawa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ranar 25 ga Yulin 2025 aka fara tilasta tantance shekarun masu shiga shafukan batsa da sauran shafukan da ke ɗauke da abin da zai cutar da yara. Kun jera hanyoyin da kuka amince da su: hoton fasfo ko lasisin tuƙi a haɗa da fuskar mutum, ƙiyasin shekaru ta kallon fuska, katin bashi na banki, bayanan banki, tabbaci daga kamfanin layin waya, da ƙiyasi ta adireshin imel. Kun ce danna maɓallin "na haura 18" ya daina wadatarwa, kuma gaskiyarku, domin babu yaron da wannan maɓalli ya taɓa tsayarwa. Kamfanin da ya ƙi bi zai iya fuskantar tarar fam miliyan 18, ko kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa a duniya, duk wanda ya fi yawa. Kamfanonin wasa suka bi sahu. Xbox ya sanar cewa wanda bai tantance ba za a taƙaita masa hulɗa zuwa abokansa kaɗai. Steam ya ce sai an sa katin bashi kafin a buɗe shafukan wasannin manya. Discord, inda yawancin 'yan wasa ke taruwa su yi hira, ya fara neman fuska ko katin shaida.

Ba a yi mako guda ba aka gano cewa za a iya wuce mai gadin Discord da fuskar da ba ta mutum ba. Akwai wani wasa, Death Stranding, da ke ba ka damar juya fuskar jarumin cikinsa, ka buɗe masa baki, ka karkata masa kai. Mutane suka nuna wa kyamara wannan fuska, na'ura ta ce baligi ne, ta buɗe ƙofa. Kamfanin Proton ya ce masu rajistar VPN ɗinsa, wato manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake shiga intanet daga cikinta, daga Birtaniya sun ƙaru da kashi 1,400 cikin ɗari a 'yan awannin farko. A makarantar ɗana abin bai ma kai ga wannan wahala ba. Ya gaya mini cewa wanda ke da yaya a gida sai ya miƙa masa waya ya kalli kyamara na daƙiƙa goma, shi ke nan. Yaron da ya ƙudura niyyar shiga ya shiga. Wanda ya tsaya a layi ya miƙa fasfonsa shi ne baligi mai bin doka, wanda tun asali ba shi ake nema ba.

To ina fasfon nan ke zuwa? A Oktoban 2025 Discord ya sanar cewa an yi kutse a wani kamfani da ya ba kwangilar kula da koke-koken masu amfani da shi, kuma mai yiwuwa hotunan katin shaida na mutane kusan dubu 70 sun faɗa hannun ɓarayin. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda na'ura ta yi wa kuskuren shekaru, suka ɗaukaka ƙara, aka ce su turo shaida. Sun yi abin da aka ce su yi, sakayyarsu ke nan. In aka sace kalmar sirri, minti biyu ya isa a canja ta. Fuska da ranar haihuwa da lambar fasfo kuwa da su mutum zai ƙare rayuwarsa.

Mu da muka fito daga Nijeriya wannan ba sabon labari ba ne gare mu. An tilasta mana haɗa lambar NIN da layin waya da asusun banki, aka ce don tsaronmu ne. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan da ke sayar da bayanan 'yan ƙasa a kan naira 100 kacal. Don haka in na ga ana tara shaidar miliyoyin mutane a rumbu ɗaya, gabana yakan faɗi, saboda na taɓa ganin inda hanyar ke ɓullewa.

Ba mu kaɗai muka gani ba. Koriya ta Kudu, ƙasar da ta fi kowa ɗaukar wasan bidiyo da muhimmanci, ta riga ku bin wannan hanya tun da daɗewa. A 2007 ta kafa dokar da ta wajabta wa masu rubutu a manyan shafuka su tabbatar da sunansu na gaskiya da lambar ɗan ƙasa. Shafukan suka cika da waɗannan lambobi. A 2011 aka yi kutse a shafukan Nate da Cyworld aka kwashe bayanan mutane kusan miliyan 35, fiye da rabin al'ummar ƙasar. Shekara guda bayan haka kotun tsarin mulki ta soke dokar. A 2011 ɗin ne kuma suka kafa wata da ta hana yaran da ba su kai 16 ba yin wasan intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe. Yaran suka koma shiga da lambobin iyayensu. Dokar ta kai ga cewa Minecraft, wasan da malamai ke koyarwa da shi a aji, ya zama sai ɗan shekara 19 zai iya buɗe asusunsa a can, domin ya fi wa kamfanin sauƙi ya rufe wa yara gaba ɗaya da ya gina musu agogon kora. A 2021 gwamnati ta haƙura ta janye dokar, ta mayar da zaɓin lokaci hannun iyaye. Shekara goma suka yi kafin su yarda. A shekarar ne Sin ta taƙaita wa yara awa uku a mako, takwas zuwa tara na dare ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi, kamfanin wasa na Tencent kuma ya sa na'urar duba fuska tana sintiri cikin dare. Can ma sai aka fara ganin asusun kakanni na wasa har asuba. Ina roƙon hukumarku ta zauna ta yi nazarin waɗannan ƙasashe da idon basira, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Akwai wata matsala da ba na jin an kawo ta teburinku, domin waɗanda ta shafa ba su da yawan surutu. Ni ba ni da katin bashi. Ban taɓa nema ba, kuma ba zan nema ba, saboda yarjejeniyarsa ta ƙunshi riba, addinina kuma ya hana ni. Musulmi da yawa a ƙasar nan haka suke. Akwai kuma sabbin zuwa, ɗalibai da ma'aikatan jinya, waɗanda banki ba zai ba su ba ko sun nema, don ba su da tarihin bashi a nan. Ƙa'idarku ta ce katin cire kuɗi na yau da kullum ba ya isa shaida tunda yaro ma na iya mallakarsa. Na fahimci wannan. Amma in kun bar wa kamfani damar ya zaɓi hanya ɗaya tak, ya kuma zaɓi katin bashi, kun mayar da mutum mai furfura yaro a idon doka saboda kawai ya ƙi cin riba. Bai kamata a ce balaga sai da bashi ba. Duk kamfanin da ke tantance shekaru a wajabta masa ya buɗe hanyoyi fiye da ɗaya, a cikinsu har da wadda ba ta buƙatar bashi kuma ba ta buƙatar miƙa fasfo.

Sai maganar fuska. Ƙanin matata ɗalibi ne mai shekara 24, siriri, fuskarsa ba gemu. Sau uku wata manhaja tana kallonsa tana cewa ba ta gamsu ba, har sai da ya ɗauko fasfo ya ɗora mata, yana yi yana tsaki. Hukumar auna ingancin fasaha ta Amurka, NIST, ta gwada irin waɗannan na'urori a 2024, ta tarar cewa kuskurensu yana bambanta gwargwadon jinsi, da yankin da aka haifi mutum, da kyawun hoton. Ko ba a gwada ba, duk baƙin mutum da ya taɓa tsayawa gaban kyamarar waya cikin ɗaki mai ƙarancin haske ya san yadda take yi da shi. Mace mai niƙabi kuma fa? Abin da ke biyo baya a fili yake: wanda na'ura ta fi yi wa kuskure shi zai fi miƙa takardunsa, shi ne kuma zai fi yawa a cikin rumbun da za a fasa gobe. Ina neman hukumarku ta wajabta wa masu sayar da wannan fasaha su wallafa yawan kuskuren da suke yi a kan kowane launin fata da kowane jinsi, bisa gwajin da wani na waje ya yi, ba wanda su suka yi wa kansu ba.

Na san za a ce ajiyar bayanai aikin ofishin Kwamishinan Bayanai ne, ba na Ofcom ba. A takarda haka ne. Amma ku ne kuka buga gangar da ta sa ake karɓar takardun, ba zai yiwu ku ce inda aka kai su ba ruwanku ba. Faransa ta shimfiɗa wata ƙa'ida mai ma'ana: dole shafi ya samar da aƙalla hanya ɗaya wadda mai tantancewa bai san wane shafi za ka shiga ba, shafin kuma bai san ko kai wane ne ba, amsar da ke wucewa tsakaninsu kawai "ya kai" ko "bai kai ba". Tarayyar Turai ma ta fara gwada wata manhaja mai kama da haka a 2025 a ƙasashe irin su Denmak da Girka da Italiya da Sifaniya. Tunda fasahar tana nan, me ya hana ta zama sharaɗi a nan? A kuma sa wa'adi na kwanaki ƙalilan da dole a goge duk hoton shaida, har da wanda aka tura wajen ɗaukaka ƙara, wanda ya riƙe ya wuce haka a ci shi tarar da zai ji a jikinsa.

Yanzu in koma cikin ɗakin, inda zuciyata ta fi karkata.

A bara ɗana ya shigo falo da dare riƙe da na'urarsa, jikinsa a sanyaye. Wani ne da suka yi wasa tare sau biyu ko uku a wani wasan intanet ya fara turo masa saƙo. Da farko yabo, cewa ya iya wasa. Sai kyautar kuɗin cikin wasa. Sai tambaya: shekarunka nawa, iyayenka suna duba wayarka, zo mu koma wata manhaja mu yi hira inda babu mai damunmu. Allah Ya sa yaron ya tsorata ya kawo mini. Na danna maɓallin ƙorafi, na rubuta duk abin da ya faru, na haɗa da hotunan saƙonnin. Amsar da ta dawo ta na'ura ce, tana gode mini da na taimaka wajen tsaftace dandalin. Bayan mako biyu na duba, asusun mutumin yana nan yana wasa. Wannan wasa ba na manya ba ne. Babu tsiraici a cikinsa, babu jini. An yi shi ne don yara, kuma babu wani binciken fuska a bakin ƙofar shafin batsa da zai taɓa wannan mutumin ko da da yatsa.

Na karanta ƙa'idojinku, na ga cewa kun san da wannan. Kun rubuta cewa a dandalin da ke da haɗarin yaudarar yara, kada baƙo ya iya tura wa yaro saƙo kai tsaye, kada a riƙa nuna asusun yaro cikin jerin waɗanda ake ba mutane shawarar su ƙulla abota da su, kada a bayyana inda yake. Wannan shi ne aikin mai gidan gem ɗinmu, an rubuta shi da harshen doka. To amma hayaniyar duk ta tafi wajen fuska da fasfo, wannan ɓangare kuwa shiru. Ina son in ga ranar da za ku fito ku ce kun bincika manyan wasannin da yara suka fi shiga, ɗaya bayan ɗaya, ga wanda ya kulle hirar baƙi tun daga farko, ga wanda ya bar ta a buɗe, ga tarar da aka ci shi. A Amurka an yi irin wannan. A Disambar 2022 hukumar kare masu saye ta sa Epic Games, masu Fortnite, biyan dala miliyan 520, aka kuma tilasta musu su kashe hirar murya da ta rubutu ga yara da matasa sai in an kunna da gangan. Ba a nemi fasfon kowa ba, amma miliyoyin yara sun sami kariya a dare ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, akwai wurin da sanin shekaru ke da amfani na gaske, kuma wannan ne wurin. Dandalin wasa na Roblox ya fara raba masu hira rukuni-rukuni gwargwadon shekaru, don kada ɗan shekara talatin ya sami hanyar magana da ɗan shekara tara. In za a duba fuska, to a kan irin wannan ya dace a duba, domin a nan ne dubawar ke tsayawa tsakanin yaro da mai farautarsa. Ko a nan ma zan so a fara da kulle ƙofar hira ga kowa, sannan wanda ke son buɗewa shi ya kawo hujja, maimakon a ɗauki fuskar kowane yaro a ƙasa don a kama mugu ɗaya.

Abu na biyu da ke cikin ɗakin shi ne caca, ko da an sa mata wani suna. Yaro zai biya kuɗi na gaske ya sayi akwati ko fakiti bai san abin da ke ciki ba, a buɗe masa da walƙiya da kiɗa, galibi ya tarar da tarkace, sai a nuna masa cewa na gaba zai iya zama sa'arsa. Shahararren wasan ƙwallon nan da a da ake kira FIFA, yanzu EA Sports FC, ya yi shekara da shekaru yana ɗauke da alamar PEGI 3, wato ya dace da ɗan shekara uku, alhali wannan ciniki na cikinsa. Beljiyam ta ayyana irin waɗannan akwatuna a matsayin caca tun 2018. Ostareliya ta ɗaga alamar shekarun duk wasan da ke ɗauke da su daga Satumbar 2024. Gwamnatin Birtaniya kuwa ta yi dogon bincike, a Yulin 2022 ta ce ba za ta sa su ƙarƙashin dokar caca ba, ta bar wa kamfanoni su tsawata wa kansu. An ba kura ajiyar nama. A gidajenmu caca haramun ce kai tsaye, muna hana yaro ko kusantar shagon caca a kan titi, sai ga shi an kawo masa ita har kan gadonsa da rigar ƙwallo. Na san dokar da kuke aiwatarwa ba ta ba ku iko a kan wannan ba. Amma majalisa tana jin maganarku, kwamitocinta suna kiran ku su tambaye ku. In an kira ku, ku gaya musu cewa akwai rami a nan.

Ku kuma waiwayi ƙanana. Akwai wani tsohon wasa na kyauta, Urban Dead, da mutum ɗaya ya riƙe tun 2005, rubutu ne kawai a shafi ba hoto mai motsi. A Maris ɗin 2025 mai shi ya rufe shi, ya ce ba zai iya ɗaukar nauyin sharuɗɗan dokar da barazanar tararta ba. Kusan shekara ashirin na zumuncin mutane ya tafi. Manyan kamfanoni suna da lauyoyi bene guda, tara a wurinsu kuɗin shayi ce. Mai ƙaramin dandali kuwa rufewa ta fi masa sauƙi, jama'arsa su watse su koma hannun manyan nan da su ne tushen matsalar, ko su gangara shafukan da ba su san da wata doka ba. Garin gyaran gira kada a tsone ido.

Na ji kuma ana kiran a sa wa VPN shinge, har Kwamishinar Yara ta Ingila, Dame Rachel de Souza, ta nemi a riƙa tantance shekarun masu amfani da shi. Na fahimci abin da ke damunta. Amma matata da VPN take shiga kwamfutar wurin aikinta daga gida. 'Yan jarida da shi suke kare masu ba su labari. Mu 'yan Nijeriya mun tuna watanni bakwai da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021, da shi mutane suka ci gaba da magana. In kuka toshe wannan, yara za su nemo wani, ku sake toshewa, su sake nemowa, kuma kowane zagaye baligai ne za su ƙara miƙa wani yanki na sirrinsu.

Mu iyaye ma da namu laifin, ba zan kare mu ba. Da yawa cikinmu muna saya wa yaro na'ura mu miƙa masa da kwalinta, ba mu san cewa a ciki akwai wurin da uba zai ƙayyade awanni, ya kulle saye, ya hana hira da baƙi ba. Wasu Turancin saitin ne ke yi musu nauyi, sai su bar yaron ya saita wa kansa. Nan ma kuna da abin yi mai arha. Ku fitar da bayani gajere, da murya da hoto, cikin harsunan da ake yi a gidajen ƙasar nan, Hausa da Somaliyanci da Urdu da Larabci da Yarabanci, ku kai shi masallatai da coci-coci da makarantun ƙarshen mako. Ni da kaina zan tsaya bayan sallar Juma'a in nuna wa mutane a wayoyinsu in kun ba mu abin nunawa.

Buƙatata ta ƙarshe ta fito ne daga daren da ɗana ya kawo mini na'urarsa. Bayan amsar na'ura ta dawo, na nemi inda zan kai ƙara gaba. Na shiga shafinku, na tarar an rubuta cewa Ofcom ba ta bin koken mutum ɗaya-ɗaya, tana tattara su ne don ta ga yadda lamura ke tafiya. In banki ya zalunce ni akwai ofishin da zan je. In kamfanin wuta ko na waya ya cuce ni akwai mai shiga tsakani. In wani ya yi yunƙurin yaudarar ɗana a cikin wasa, kamfanin ya yi biris, babu kowa tsakanina da shi sai 'yan sanda, su kuma sukan ce ba a kai ga aikata laifi ba tukuna. Mahaifiyar Breck ta buga waya tun kafin a kai ga aikatawa. Ina roƙon ku nemi majalisa ta kafa ofishin da uba ko uwa za su kai irin wannan ƙara, mutum mai rai ya karanta ta, a ba kamfani wa'adin kwanaki ya amsa, a kuma sanar da mai ƙarar abin da aka yi da asusun da ya kai ƙara a kansa. Hotunan saƙonnin nan suna nan a wayata, na adana su da kwanan watansu, duk ranar da aka buɗe wannan ofishi zan kawo su.

Na gode da sauraro. Allah Ya yi jagora.

Naku,
Wani uba daga Manchester